Kibiyar Madam Dinatu a Kan Faranti

Ranar Talata ce, tsakiyar bazara. Iskar arewa da ta yini ranar Litinin tana jijjiga kwanon rufin gidajen Arlit ta kwanta tun kafin asuba. Gari ya waye shiru, irin shirun da ke sa mutum ya ji ƙarar takalminsa ya waiwaya ya duba ko wani ne ke biye da shi. Ko ledar da ta maƙale a wayar lantarki ba ta motsi. Madam Dinatu ta fito kamar yadda take fitowa kowace safiya. Ta share ƙofar gidanta, ta zuba wa ƴar bishiyar dogon yaronta ragowar ruwan wanke-wanke, ta yi addu'arta a tsaye a bakin ƙofa, ta rataya jaka ta kama hanyar lise, wato makarantar sakandare, da ƙafa. Ba ta hawa kabu-kabu, babur ɗin haya. Takan ce a hanya take ƙarasa shirya darasi, shi kuwa ɗan kabu-kabu ba ya barin mutum ya tuna komai sai Mahaliccinsa. A ƙofar makaranta takan tsaya wajen Lauratu mai abinci su gaisa, ta sayi ƙosai ta ƙunshe sai an fita hutu. Ranar, teburin Lauratu na nan, tukunya a kife, murhu a sanyaye, babu kowa.

A watan nan da nake wannan rubutu Madam Dinatu ta ajiye alli ta yi ritaya, bayan fiye da shekara talatin tana koyar da fizik a garin nan. Ƴar Maraɗi ce. Ta zo Arlit da akwati ɗaya, ta yi aure a ƙaramar majami'arsu, ta haihu a nan, ta binne mijinta a nan. Ba a taɓa kiran sunanta a rediyo ba, ba a rataya mata komai a ƙirji ba. Ni ban daɗe a ajinta ba, ƙafata ba ta iya zaman benci. Abin da ke cikin rubutun nan daga bakin waɗanda suka gani da idonsu na tattaro shi, musamman Hashimu direba, wanda shi ne ya riƙe sitiyari ranar.

Duk wanda ya ratsa ajinta, ko na wata uku ne, ya san darasin benci. Takan sa a fitar da benci tsakar fili a ɗaura masa igiya biyu. Yaro ɗaya ya tsaya gabas, ɗaya ya tsaya arewa, igiyoyin su yi kusurwa irin ta ɗaki. Sai ta ce, "To, wa bencin zai bi?" Aji ya rabu biyu, kowa na goyon gwaninsa. A ja. Bencin ba ya bin kowa. Sai ya kama wata hanya ta tsakiya wadda babu mai jan sa can, yana tafiya kamar wani na uku da ba a gani ne ya riƙe shi. Daga nan ta duƙa ta zana kibiya a ƙasa, ta ɗora gindin ta biyu a kan tsinin ta farko, sannan ta ja ta uku daga inda aka faro zuwa inda aka ƙare. "Ga mai jan bencin nan," in ji ta. "Alwatika ce, kusurwarta daidai take da ta bulo. In kun san tsawon kibiya biyu, ta ukun ba ta da wurin ɓuya."

Lokacin da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan a 2021, iyalai suka loda kaya a manyan motoci suka koma kudu. Layin gidaje ya zama ƙofofi a garƙame, tagogi ba labule, karnuka na kwance a inda yara ke buga ƙwallo. Abokan aikinta da dama suka nemi canji aka ba su. Ita ta zauna. Mai gadin makaranta ya ce ya sha ganin ta tana koyar da yara huɗu a ɗakin da ke cin sittin, da irin muryar da take yi wa sittin ɗin, har bango yana maimaita mata maganarta.

Ranar Talatar, tana tsakiyar rubutu a allo, Lauratu ta tsaya a ƙofar aji. Mutuniyar Tawa ce, mai yawan dariya, amma ranar ko sallama ba ta yi ba.

"Madam, Ramalan na cikin motar."

"Wace mota, Lauratu?"

"Wadda ta ɓace. Mi za ni yi? Ni na goye shi, Madam."

Ramalan ƙanen Lauratu ne, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ya tafi neman aiki Aljeriya, aka haɗa da shi cikin waɗanda ake korowa a zube a Assamakka, bakin iyaka. Ranar Lahadi ya samu wuri a motar wani direba Muktari, su goma sha ɗaya har da direban, suka nufo Arlit. A hanya aka ce musu akwai ƴan fashi a gaba. Muktari ya sauka daga hanya a wani wuri da direbobi ke kira Ganga, saboda wata tsohuwar gangar ƙarfe da aka cika da duwatsu aka kafa don alama. Da safiyar Litinin ya kira tasha da wayar nan ta tauraron ɗan Adam da direbobin hamada ke riƙewa. Maganar ba ta yi nisa ba ta yanke.

Madam Dinatu ta ajiye alli, ta kama hannun Lauratu suka tafi tasha.

Hashimu na zaune a kan taya, kewaye da bidon esansi, wato jarkokin fetur, waɗanda babu komai a ciki. Mutumin Damagaram ne, ya taɓa zama ajinta shekaru da dama baya, ya bar boko ya kama tuƙi. Kusa da shi wani dattijo Ba'abzine ne a tsugune, Amumun, wanda ya tsufa yana yi wa motoci jagora a hamada.

"Madam! Ke ce a tasha?" in ji Hashimu yana miƙewa. "Ko sifilin da kike ba ni ne bai ƙare ba, kin kawo min ragowar?"

Babu wanda ya yi dariya, har shi kansa.

"Faɗa min abin da Muktari ya ce. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"Ya ce daga Ganga sun yi gabas sak, kilomita arba'in, yana kallon agogon mota mai ƙirga tafiya. Suka tarar da tudun rairayi kamar katanga. Ya juya arewa sak yana neman ƙofa, talatin. Dutse ya huda tanki, mai ya tsiyaye. Zai karanto min lambobin wurin ke nan batir ya mutu."

"To me kuke jira?"

"Esansi, Madam. Saba'in zuwa, saba'in dawowa, ɗari da arba'in ke nan bayan Ganga. Tun jiya muke bin gari muna tatsar bido. In na cire na zuwa Ganga da na komowa gida, abin da ya rage bai wuce na ɗari da goma ba. An kai rahoto inda ya kamata, kowa mai yake jira. Sai gobe in tanka ta iso."

"Ruwansu fa?"

Hashimu ya dubi ƙasa. Amumun ne ya amsa, da Hausarsa wadda ba ta raba mace da namiji. "Bido ɗaya ya ce. Jiya da safe ke nan."

Lauratu ta zauna a ƙasa daɓas.

Madam Dinatu ta tsinci wani ƙusa, ta tattare zaninta ta duƙa. Ta ja kibiya zuwa gabas. Daga tsininta ta ja wata zuwa arewa. Sannan ta ja ta uku daga gindin ta farko zuwa tsinin ta biyu.

"Hashimu, arba'in sau arba'in."

"Haba Madam, a gaban jama'a?"

"Arba'in sau arba'in."

"Dubu ɗaya da ɗari shida."

"Talatin sau talatin, ɗari tara. Haɗa su, dubu biyu da ɗari biyar. Wace lamba ce za ka ninka da kanta ta ba ka haka?"

Ya ɗan motsa baki. "Hamsin."

"Tafiyar saba'in Muktari ya yi, amma tsakaninsa da Ganga hamsin ne. Hamsin zuwa, hamsin dawowa, ɗari. Kana da ɗari da goma."

Hashimu ya ce ba wai lissafin ne bai shige shi ba. Abin da ya tsaya masa shi ne al'adar aikinsu. Direban hamada in zai nemo ɗan'uwansa, hanyar da ɗan'uwan ya ce ya bi ita yake bi, ko da iska ta share sawun, domin ƙasar da ta ɗauki mota ɗaya za ta ɗauki ta biyu. Haka ya gada daga ubangidansa, haka kowa a tashar ya gada, kuma rayuka da yawa sun tsira da haka. Shi ya sa tun jiya babu wanda ya ƙirga komai sai saba'in.

"Madam, mota fa ba tsuntsu ba ce," in ji shi. "Wa ya san abin da ke ƙarƙashin kibiyar nan taki?"

Amumun ya matso ya daɗe yana kallon zanen. Ya ɗora yatsa a tsakiyar kibiya ta uku.

"Na sani. Faranti ne."

Masu sauraro suka ɗan ja baya. Faranti wani fili ne arewa maso gabas da Ganga, shimfiɗaɗɗe, fari fat, babu tudu, babu ciyawa, babu dutsen da ya kai kan mutum girma. Direbobi ba sa shigar sa. Ba don taya na nutsewa ba, ƙasarsa ta fi kwalta tauri. Sai don ido ba ya aiki a can. Mutum ya ga abu kusa ya yini bai kai ba, ya rantse a miƙe yake tafiya alhali zagaye yake yi.

"Ƙasa yana da ƙarfi," in ji Amumun. "Ni ina riƙe hanya in an nuna min bakinsa. Amma hanyan nan ba nawa ba ne, ba na ubana ba ne. Madam, kai ka zana, kai za ka zo ka nuna."

Matar da ba ta hawa kabu-kabu, wadda ta haura hamsin, gwiwarta na ciwo, ta ce a biya da ita makaranta ta sanar da darakta, ta ɗauko busol, wato agogon nan mai allura da ke nuna arewa, da igiyar darasin benci. Lauratu ta riga kowa hawa bayan mota. Hashimu ya zagayo ya tsaya yana murza hularsa.

"Yaya Lauratu, wurin da kika zauna, wurin bido biyu ne na ruwa."

Ta dube shi, ta dubi bidon. Ta sauko da kanta, ta ɗauki ɗaya ta ɗora a inda ta tashi.

Ke ce, Madam, wadda aka ce ta nuna, ba ki ce aikinki ya ƙare a kan zane ba. Da yawa sun iya ja wa wasu layi a ƙasa su koma inuwa. Dinatu ta Maraɗi, mai alli a jaka, kin zana kuma kin hau.

Sun kai Ganga bayan azahar. Iskar Litinin ta share komai, babu sawun taya ko ɗaya. Madam Dinatu ta yi nesa da mota don kada ƙarfe ya ruɗa allurar busol. Ta auna taki huɗu zuwa gabas ta kafa dutse, ta auna uku zuwa arewa ta kafa wani, ta miƙe igiya daga inda ta faro zuwa dutsen ƙarshe. Igiyar ta ci taki biyar. Amumun ya kwanta rub da ciki ya saita ido a kan igiyar, ya tashi ya soke tsinke a gaban gilashin mota, ya duba inda inuwarsa ta faɗi. Ya ce, "Mu tafi." Da yake rana na tafiya inuwa na juyawa, lokaci-lokaci sai su tsaya, ta sake shimfiɗa igiya, ya sake kwantawa.

Hashimu ya ce ya yi shekaru a hamada, bai taɓa ganin wuri irin Faranti ba. Da suka shiga, ƙarar taya ta ɗauke, motar na tafiya kamar a kan tabarma. Ya duba madubi bai ga sawunsa ba. Gaba fari, baya fari, sama fari. Ba don agogon mota na juyawa ba, da ya rantse a tsaye suke. Can suka hango wani gida mai hawa biyu yana rawa cikin kawalwalniya, da suka iso sai ga shi gwangwanin madara ne. Gaba kaɗan suka wuce bido uku a jere, a tsaye, kowanne da murfinsa a ɗaure, kamar masu su sun je kama ruwa yanzu za su dawo. Rana ta cinye launinsu. Kusa da su takalmin yaro ƙafa ɗaya. Amumun ya ja rawaninsa ya rufe hanci, ya ce kada a tsaya, waɗannan sun daɗe.

A tsakiyar filin Hashimu ya ji hannunsa na jan sitiyari dama, shi kaɗai. Ransa na gaya masa sun karkace, tabbas sun karkace.

"Madam, wallahi mun bar hanya. Jikina ya ba ni."

"Jikinka ya taɓa cin jarrabawar fizik?"

"Ko sau ɗaya."

"To bi tsinken Baba Amumun."

Ya ce da ya saci kallon ta, ya ga leɓenta na motsi, hannunta ya damƙe busol har jijiyoyi sun fito. Ashe ita ma tsoron take ji, muryar aji kawai ta ara.

Agogon mota ya nuna hamsin. Babu komai. Hashimu ya kashe inji. Shirun ya sauko musu kamar bargo, har yana jin bugun jini a kunnensa. Babu wanda ya dubi wani. Amumun ya hau rufin mota ya juya a hankali, ya sake juyawa, sannan ya miƙa hannu hagu kaɗan. Wani baƙin ɗigo ne, kamar ƙuda a kan farin zane.

Motar Muktari ce. Mutum takwas ne kwance a ƙarƙashinta, sun haƙa rami sun shige, sun rataya zannuwa a gefe. Babu wanda ya taso, babu wanda ya yi ihu. Idanu kawai suke bin su da su. Wata mata ta miƙo ɗanta kafin ta miƙo hannunta. Amumun ya hana a ba su ruwa da yawa, ya riƙa jiƙa ƙyalle yana ɗiga musu a baki. Da Muktari ya samu harshensa ya motsa, Madam ta duƙa kansa.

"Ina Ramalan?"

"Sun tafi. Su uku. Jiya bayan la'asar." Ya haɗiye da ƙyar. "Shi da wani dattijo Nomau, da wani saurayi Fatahu. Na roƙe su. Suka ce za su bi rana har su faɗa hanya."

Hashimu ya duba allurar mai. Ya ce wa Madam zagaye ba zai yiwu ba. Layi ɗaya za su iya ja, kuma dole layin ya karkata wajen gida. In sun kuskure, sun kuskure ke nan.

Ta sake duƙawa a ƙasa. "Baba Amumun, mai ƙishirwa da ya tashi jiya bayan la'asar, kilomita nawa zai kai kafin ƙafa ta ƙi?"

"Goma. Goma sha biyu in yana da zuciya."

Ta ja kibiya zuwa yamma. Za ta miƙe, ya riƙe gefen igiyarta.

"Ba ka gama ba, Madam. Jiya akwai iska, daga arewa. Mutum ba ya ba iska fuska. Yana kau da kai, kafaɗa ya bi kai, ƙafa ya bi kafaɗa. Shi yana cewa yamma yake zuwa, amma yana zamewa kudu bai sani ba."

"Zamewar nawa?"

Ya buɗe tafin hannunsa, yatsu biyar.

Ta ɗora kibiya ta biyu a tsinin ta farko, zuwa kudu. Goma sha biyu da biyar. Ta yi lissafin a fili kamar tana gaban aji: ɗari da arba'in da huɗu, da ashirin da biyar, ɗari da sittin da tara. "Goma sha uku," in ji ta. Ta shimfiɗa igiya, Amumun ya kwanta ya saita ido. Aka loda mutum takwas a baya, aka tashi.

Nomau suka fara gani. Yana zaune a miƙe, ya tanƙwashe ƙafa, fuskarsa na kallon yamma, hularsa daidai a kansa. Hashimu har ya yi masa sallama. Sai da ya zagayo gabansa ya ga rairayi ya taru a cinyarsa da cikin tafin hannunsa.

Ramalan na gaba kaɗan, ya tona rami da hannu ya kwanta ya rufe kai da riga. Amumun ya sa kunne a ƙirjinsa ya daɗe, sannan ya ce a kawo ƙyalle. Da ruwa ya taɓa leɓensa ya buɗe ido, ya ga mace a kansa, ya ce, "Yaya?"

"Tana tasha tana jiran ka," in ji Madam. "Ta ce in ka iso sai ta ci mutuncinka."

Hashimu ya ce nan ne kawai ya ga hawayenta, ta share da gefen ɗankwali ta tambayi inda Fatahu yake. Ramalan ya nuna da ido. Fatahu ya tashi da safiyar nan bayan iska ta kwanta, ya ce ya hango ruwa. Sawunsa na nan raɗau, ƙafa ba takalmi, a miƙe kamar an ja da igiya, ya nufi arewa maso yamma inda kawalwalniya ke sheƙi. Wato yana ƙara nisa da gida.

Maza suka yi wa Nomau sallah suka rufe shi a inda ya zauna, suka jera duwatsu. Suka bi sawun Fatahu a hankali. Sawun ya hau ƙasa mai tauri ya ɓace, ya sake fitowa, ya sake ɓacewa. Daga nan babu. Amumun ya hau rufi ya kira sunan da dukan ƙarfinsa. Ko amsa-kuwwa wurin bai mayar ba. Rana ta yi ja.

Hashimu ya tsayar da mota. "Madam, ni ba zan iya faɗa ba. Ke kika iya lissafi. In kin ce mu ƙara, mu ƙara."

Ta sauka. Ta zana alwatika ta uku a ƙasa, daga inda suke zuwa Ganga. Ta zo ta leƙa allurar mai, ta koma ta sake lissafin. Ta goge da tafin hannu ta sake yi daga farko, ko za ta samu kuskure. Hashimu ya ce bai taɓa ganin mutum na neman kuskure a aikinsa da irin wannan kwaɗayin ba. Babu kuskure. Ta miƙe ta dubi bayan mota, inda mutum tara ke kwance, har da yaron da ke numfashi sama-sama a jikin uwarsa. Ta juya ta dubi inda sawun ya ƙare.

"Juya, Hashimu."

Suka sauke bido ɗaya na ruwa, suka kafa shi a tsaye a kan sawun ƙarshe, Amumun ya ɗaura masa jan ƙyalle. Suka juya. Har suka fita daga Faranti ba ta daina kallon baya ba.

Da hantsin Laraba suka shigo Arlit, injin na tari. Lauratu na nan a inda suka bar ta. Ta kama fuskar ƙanenta da hannu biyu tana zagin sa tana kuka, tana cewa, "Ɗan banza, wa ya aike ka? Wa ya ce ka bar mota?" Da tanka ta iso, motoci biyu suka koma da cikakken mai suka yini suna zagaye. Sun samu bidon a tsaye, murfinsa a ɗaure, ruwansa bai ragu ba.

Madam Dinatu ta koma aji ranar Alhamis. Ba ta taɓa ba ɗalibanta labarin nan ba. In an tare ta da shi takan ce idon Amumun ne da hannun Hashimu, ita igiya kawai ta riƙe. Amumun kuwa, wanda yanzu ya koma wajen dabbobinsa a Gougaram, ya ce shi ƙasa ya sani, amma da ba a nuna masa bakin hanya ba da yana nan tsugune a tasha yana jiran tanka.

Madam, ke ce kika ce a shiga lokacin da kowa ke jira, kuma ke ce kika ce a juya lokacin da babu mai iya faɗa. Na biyun ya fi na farkon nauyi, kuma kin ɗauke shi ke kaɗai, ba ki ɗora wa Hashimu ba. Mun gode. Lauratu ta gode, Ramalan da ke gyaran salula a kasuwa yanzu ya gode, mu da muka ratsa ajinki muka fice da wuri mun gode da abin da ya maƙale mana. Allah Ya ba ki lafiyar gwiwa, Ya sa hutun nan ya yi miki daɗi, a Arlit ko a Maraɗi.

Ku kuma malaman da ake turowa garin nan kuna ƙirga watannin komawa kudu, ku je ku gaishe ta kafin ta tattara kaya. Ku fitar da benci tsakar fili. Ku koyar da yara huɗu kamar sittin ne, don ba ku san wanda zai riƙe sitiyari wata rana ba. Ku iyaye, in yaro ya ce fizik ba ta da amfani a hamada, ku tura shi tasha ya tambayi Hashimu.

Na je gidanta in gaya mata zan rubuta wannan. Ta ce in dai sai na rubuta, to kada in tsaya a kan waɗanda aka samu, in faɗi lissafin duka. Ga shi, Madam. Mutum goma sha ɗaya suka bar Assamakka a motar Muktari. Tara sun iso gida. Motar na can har yau. Nomau, mutumin Tawa, mai ƴaƴa shida, yana ƙarƙashin duwatsu a gefen Faranti. Fatahu, wanda babu wanda ya san garinsu balle a kai wa uwarsa labari, ba a gan shi ba.